Yadda Ake Nemo Kuɗin da Suka Kwanta a Banki a Arewacin Kamaru

Bayan rasuwar baffana a Garwa, ranar da aka buɗe akwatin ƙarfensa domin a lissafa abin da ya bari, mun tarar da wani ɗan littafin ajiya na banki a ƙarƙashin takardun gona, kuma kwanan watan ƙarshe da aka buga a cikinsa ya haura shekara goma sha biyu. Gwaggo, ƙanwarsa, ta dube ni ta ce, "Ɗana, rabu da shi, ai waɗannan kuɗi an daɗe da cinye su." Ban rabu da shi ba, domin cikin magadan akwai marayu ƙanana. Sai da muka yi wata takwas muna kai da kawowa kafin kuɗin su fito, kuma mafi yawan wannan lokaci wajen haɗa takardun da za su nuna ko su wane ne mu ya tafi, ba a zauren banki ba.

Abin da ya kamata kowa ya fara riƙewa shi ne, kuɗin da mutum ya ajiye bashi ne a wuyan banki, kuma daɗewar asusu ba tare da an taɓa shi ba ba ta mayar da su mallakar bankin. Idan aka ɗauki lokaci mai asusu bai sa ba, bai cire ba, bai kuma leƙo ba, sai banki ya sa asusun cikin jerin waɗanda suka kwanta, ya hana fitar da kuɗi har sai an sake tabbatar da mai shi. A wannan yanki namu irin waɗannan asusu suna da yawa. Akwai na malaman makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki suka buɗe sabo suka manta da tsoho, akwai na tsofaffin ma'aikatan kamfanin auduga na SODECOTON da na jirgin ƙasa a Ngaundare, akwai na fataken shanu da na albasa, akwai na masu tarin kuɗin aikin Hajji da ajali ya riga su. Akwai kuma na mutanen Amchide da Kolofata da Fotokol waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu tun daga 2014, suka fito ba tare da ko takarda ɗaya ba. A kan duk wannan sai a ƙara al'adarmu ta magidanci ya ɓoye wa iyalinsa inda yake ajiya.

Binciken gida

Kafin a je ko'ina, a zauna a tattara duk wata takarda da ke ɗauke da sunan banki: littafin ajiya, littafin cak ko da ya ƙare, tsohon katin cire kuɗi, rasidin zuba kuɗi, takardar albashi, takardar fansho ta CNPS (hukumar fanshon ma'aikata), da saƙonnin da ke cikin tsohuwar waya. Abin da ake nema shi ne lambar asusu. Cikakkiyar lambar, wadda ake kira RIB, tana da alƙaluma 23: biyar na farko suna nuna bankin, biyar na biye suna nuna reshen da aka buɗe asusun, goma sha ɗaya su ne lambar asusun kanta, biyu na ƙarshe kuma na tantancewa ne. Wanda ya samu wannan lamba ya rage wa kansa rabin wahala, domin ko reshen ya rufe, ko bankin ya canza suna, da ita ake bin sawu.

Idan babu takarda ko ɗaya, sai a koma ga mutane. Ma'aikatar da mutum ya yi wa aiki ta san bankin da take tura masa albashi. Abokan kasuwancinsa sun san inda suke zuba masa kuɗi idan ya aika kaya Duwala ko Yawunde. Yaron shagonsa sau da yawa ya fi 'ya'yansa sanin reshen da ake aikensa. Idan duk wannan bai fitar da komai ba, rassan bankunan da ke Garwa ko Marwa ko Ngaundare ba su fi ƙarfin mutum ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya da rubutacciyar wasiƙa ba.

A wannan mataki a ɗauki hoton kowace takarda da waya, a kuma yi mata kwafi. Kada a taɓa barin asalin littafin ajiya a hannun wani ma'aikaci ba tare da ya ba da rasidin karɓa mai hatimi ba.

Idan sunan bankin ya ɓace daga gari

Nan ne mutane da yawa suke sarewa, suna ganin tunda babu allon bankin a bakin titi, kuɗin ma sun tafi. Sau da yawa suna ne kawai ya canza. BICIC ita ce ta zama BICEC a 1997. CCEI Bank ta koma Afriland First Bank a 2002. Banque Atlantique ta karɓi harkokin Amity Bank a 2009. Asusun ajiya na gidan waya ya shiga ƙarƙashin CAMPOST, kamfanin gidan waya na ƙasa, a 2004, saboda haka mai tsohon littafin gidan waya can zai dosa. Wanda ya gaji banki, a bisa ƙa'ida, ya gaji ajiyar mutanen da aka miƙa masa, don haka a je wa magajin da tsohuwar lambar a nemi ya faɗi sabuwar da ta maye gurbinta.

Bankunan da suka rushe gaba ɗaya lamarinsu daban ne. Méridien-BIAO ta durƙushe a 1996, Crédit Agricole du Cameroun a 1997, kuma gwamnati ta kafa hukumar SRC tun 1989 domin karɓo basussukan irin waɗannan bankuna da warware abin da suka bari. Mai riƙe da littafin ɗaya daga cikinsu SRC zai rubuta wa, amma gaskiya ita ce kada ya ɗora buri mai yawa, domin a rushewar banki ana biyan mutane ne gwargwadon abin da aka samu. Haka ma ƙananan cibiyoyin ajiya da lamuni da suka rufe, sai a nemi wanda aka naɗa ya raba kadarorinsu. Asusun FOGADAC, wanda yake lamunce wa mai ajiya har sefa miliyan 5 idan banki ya kasa biya, an kafa shi ne a 2009, don haka bai shafi waɗancan tsofaffin rushe-rushe ba.

Gyaran suna

A ganina wannan shi ne mataki mafi nauyi ga mutanenmu, kuma shi aka fi rainawa. Banki ba ya sanin fuska, takarda yake karantawa. Mutum ɗaya sai a tarar a littafin ajiya an rubuta shi Oumarou, a katin shaida Oumar, a takardar haihuwa kuma Umaru; ko a buɗe asusu da sunansa da na mahaifinsa, daga baya a sabunta kati a ƙara Alhaji ko Malam a matsayin suna. Dattawa da yawa ba su da ranar haihuwa a takarda sai shekarar da aka kintata, kuma kintacen yakan bambanta daga kati zuwa kati. A namu lamarin harafi biyu ne kacal suka bambanta, amma sun tsayar da mu kusan wata biyu.

Saboda haka a jera takardun a kan tabarma a gwada su harafi da harafi tun kafin a fita. Idan an ga saɓani, a je ofishin hukuma, kamar na sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin yanki, a nemi takardar da ke shaida cewa sunayen nan duka na mutum ɗaya ne, a tafi da dukkan takardun da suka saɓa da juna da kuma shaidun da suka san mutumin. Idan kuskuren a takardar haihuwa ko ta mutuwa yake, gyaransa yakan kai ga kotu.

Mai asusu da ke raye zai buƙaci katin shaidar ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, ko fasfo, da hotuna, da shaidar wurin zama, wato rasidin wuta ko na ruwa tare da zanen kwatancen gida, da kuma lambar haraji ta NIU, wadda dokar kuɗi ta 2020 ta sa bankuna suke nema. Wanda katinsa ya ɓace ya fara kai rahoto ofishin 'yan sanda ya karɓi takardar shaidar ɓata, sannan ya nemi sabo. Akwai kuma batun sa hannu. Dattijon da ya sa hannu shekara ashirin da suka wuce ba lalle hannunsa ya fitar da irin wancan rubutu yau ba, musamman idan da ajami ya yi ko gani ya ragu. Ya faɗa wa ma'aikacin haka tun farko, domin a ɗauki sabon samfurin sa hannu a gabansa bayan an tabbatar da shi.

Wasiƙa zuwa banki

Kada a wadatu da tambayar baki a gaban kanta. Ma'aikacin da ke karɓar kuɗi sau da yawa ba ya ganin tsofaffin asusu a kwamfutarsa, sai ya ce babu, alhali suna can a ajiye a babban ofishi. A rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa ga shugaban reshe, kwafi biyu, a ambaci cikakken suna, lambar asusu, reshen da aka buɗe shi, da kusan shekarar da aka daina amfani da shi. A nemi abu uku a fili: a faɗi halin da asusun yake ciki, a ba da bayanin shige da ficen kuɗi tun daga ranar da mai shi ya taɓa shi na ƙarshe, sannan a farfaɗo da shi ko a rufe shi a biya abin da ke ciki. A miƙa kwafi ɗaya, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan a dawo da shi gida. Wannan kwafi mai hatimi shi ne madogara a duk abin da zai biyo baya, kuma a riƙa rubuta ranar kowace ziyara da sunan wanda aka gani a bayansa.

Wanda yake nesa ko ba shi da lafiya yana iya wakilta wani da takardar wakilci da hukuma ko notari, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardu, ya tabbatar. Idan yana ƙasar waje, ofishin jakadancin Kamaru ne zai buga mata hatimi. Ya fi kyau a fara tambayar bankin irin wakilcin da yake karɓa kafin a kashe kuɗi a kai.

Idan bayanin ya fito, a karanta shi layi bayan layi tare da wanda ya iya lissafi. Asusun ajiya yakan ƙaru da kuɗin ruwa, amma asusun yau da kullum, irin na albashi da na kasuwanci, yana iya raguwa saboda cajin kula da asusu da na kati, har wani lokaci ya ƙare ya koma bashi a kan mai shi. Duk cajin da ba a gane ba a nemi bayaninsa a rubuce, kuma ba laifi ba ne a roƙi a yafe abin da aka yanka bayan an daina amfani da asusun. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka suke bi, ta wajabta adana takardun lissafi na shekara goma, don haka abin da ya wuce nan yana iya yin wuyar samu dalla-dalla, shi ya sa tsohon littafin da ke hannu yake da daraja.

Idan mai asusun ya rasu

Daga ranar da mutum ya rasu, duk wakilcin da ya ba wani a kan asusunsa ya faɗi. Ɗan da ya san lambar sirrin katin mahaifinsa ya je ya cire kuɗi, ko da niyyar hidimar makoki ce, ya taɓa haƙƙin sauran magada, kuma ya jawo wa kansa abin da zai amsa a gaban kotu. Hanyar da ta dace ita ce a sanar da banki rasuwar a rubuce, shi kuma ya kulle asusun har magada su kawo hukunci.

Takarda ta farko ita ce shaidar mutuwa daga ofishin magajin gari. Mu da muke binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan, musamman a ƙauye, yawanci ba ma tuna ta sai buƙata ta taso, kuma idan wa'adin sanarwa ya wuce sai an bi ta kotu kafin a rubuta ta. Bayan ita sai zaman dangi, inda za a rubuta sunayen magada duka, matan aure da 'ya'ya da iyaye idan suna raye, a zaɓi wanda zai kula da dukiyar a madadinsu, kowa ya sa hannu, hukuma ta tabbatar da sa hannun. Ina roƙon duk mai jagorantar irin wannan zama da kada ya tsallake kowa, ko 'yar da aka aurar a Mubi ce, ko ɗan matar da aka rabu da ita tuntuni. Baya ga zunubin cin gado, magaji ɗaya da aka manta yana iya tayar da shari'ar daga tushe bayan an yi nisa.

Da waɗannan takardu, tare da takardun haihuwar 'ya'ya da shaidar aure, ake zuwa kotu a nemi hukuncin tabbatar da magada. Ana iya kai shi kotun da ke aiki da al'ada, inda masu taimaka wa alƙali suka san tsarin gadon Musulmi, ko babbar kotun gunduma. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a rubuta shi a ofishin magajin gari ba yakan buƙaci shaidu, don haka a shirya su tun da wuri. Rabon da limami ko alƙalin fadar lamido ya yi yana da amfani ƙwarai wajen daidaita dangi da sanin kason kowa, amma banki hukuncin kotun gwamnati yake nema. Bayan an yanke hukunci sai a jira wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, a karɓi takardar da ke shaida cewa babu wanda ya ɗaukaka, a haɗa da cikakken kwafin hukuncin a kai wa banki tare da katin shaidar wanda aka naɗa. Idan mamacin ya ci bashin banki, a tambaya ko bashin yana da inshorar rai, domin idan yana da ita kamfanin inshora ne ya kamata ya biya ragowar.

Idan an ce kuɗin sun bar bankin

Kamaru tana da hukumar da ke riƙe irin waɗannan kuɗi, wato CDEC, mai mazauni a Yawunde. An kafa ta da dokar 14 ga Afrilu 2008, amma ba ta fara aiki sosai ba sai da aka naɗa shugabanninta a Janairun 2023. A Disambar wannan shekara firaminista ya fitar da umarnin yadda bankuna da kamfanonin inshora za su miƙa mata kuɗin da aka daina nema. A 2024 aka samu saɓani tsakaninta da COBAC, hukumar da ke sa ido a kan bankunan ƙasashe shida na CEMAC (ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya), wadda ta nemi a dakata har a yi doka guda ta yankin, kuma a Yulin 2025 ministocin yankin suka amince da wannan doka, wadda ta sa ma'aunin miƙawa a kan shekara goma na kwanciyar asusu. Saboda wannan ja-in-ja, wasu bankuna sun miƙa da wuri, wasu sun jinkirta, don haka tsufan asusu kaɗai ba ya nuna inda kuɗin suke.

Idan banki ya ce ya miƙa, a nemi ya ba da takarda mai nuna ranar miƙawa, adadin kuɗin, da lambar da aka miƙa su da ita. Da wannan takarda, da kwafin duk abin da aka riga aka haɗa, da lambar asusun da ake so a zuba kuɗin, ake rubuta wa CDEC buƙatar a mayar. Miƙawar ba ta kashe haƙƙin mai kuɗi ko magadansa ba, wurin ajiya ne ya canza, sai dai kada a yi sanyin jiki, domin shaidu suna tsufa kuma takardu suna lalacewa.

Mutanen Kuseri da ke da asusu a Injamena su sani cewa duk da kuɗin ƙasashen biyu ɗaya ne, babban bankin BEAC ɗaya ne, kuma COBAC ce ke kula da ɓangarorin biyu, asusun da aka buɗe a Chadi a Chadi ake binsa, kuma bankin can yana iya neman kotun ƙasar ta amince da hukuncin da aka yanke a Kamaru. Masu asusu a Yola ko Mubi ko Maiduguri kuwa suna ƙarƙashin dokar Babban Bankin Najeriya, wanda a Yulin 2024 ya umarci bankuna su tura masa kuɗin da suka kwanta shekara goma, kuma ta hannun bankin da aka buɗe asusun ake neman su.

Idan an yi shiru ko an ƙi

Idan makonni suka wuce babu amsa, a rubuta wasiƙa ta biyu zuwa sashen karɓar koke na babban ofishin bankin, a haɗa da kwafin ta farko mai hatimi. Dokar CEMAC ta Yulin 2020 kan kare masu hulɗa da bankuna ta wajabta wa kowane banki ya kasance da hanyar karɓar koke da amsa shi. Idan wannan bai yi ba, ana iya sa ma'aikacin shari'a mai isar da sammaci ya kai musu takardar gargaɗi, a aika wa COBAC kwafi, daga nan kuma sai lauya da kotu. Kafin a kai nan a auna abin da ke cikin asusun da abin da za a kashe, domin bin sefa dubu 40 da lauya asara ce.

A duk tsawon wannan hanya, babu inda ake biyan wani kaso na kuɗin kafin a sake su. Abin da ake kashewa shi ne kuɗin tambur, na kotu, da na tabbatar da takardu, kuma kowanne yana da rasidi. Wanda ya kira a waya ya ce an gano kuɗin marigayi, a tura masa wani abu ta Orange Money ko MTN domin ya buɗe fayil, ko ya nemi lambar sirri, ɗan damfara ne. Haka kuma kada a sa hannu a farar takarda ga wani ɗan tsakani da ya ce yana da hanya a ciki.

Ranar da kuɗin suka fito, a nemi banki ya raba a rubuce tsakanin uwar kuɗi da kuɗin ruwan da suka hau kai, domin da wannan takarda za a je wa malami ya yi bayanin yadda za a yi da ruwan da kuma hukuncin zakkar shekarun da suka wuce. Idan gado ne, a fara biyan bashin mamaci, sannan wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba a gaban shaidu, kowane magaji ya sa hannu a kan abin da ya karɓa. Kason marayu ƙanana a buɗe musu asusu da sunansu a ƙarƙashin mai kula da su, a rubuta lambar a ba mutum biyu amintattu cikin dangi, kuma a riƙa zuba wani abu a ciki ko kaɗan ne sau ɗaya ko biyu a shekara domin kada shi ma ya kwanta.